Katarina da Karitas: Yunin 1525 a Ƙasar Jamus

A yawancin ekklesiyoyinmu na arewa, in za a tura sabon fasto wani ƙauye, abin da dattawa ke fara tambaya shi ne ko yana da iyali. Matar fasto ce uwar Zumuntar Mata, ita ke sauke baƙi, ita ake bugun ƙofarta da tsakar dare in naƙuda ta yi gardama. A ƙauyen nan guda kuwa, wataƙila tsallaken hanya kawai, akwai fada na Katolika wanda bai da mata kuma ba zai taɓa yi ba, ga sistoci suna riƙe da asibiti da makaranta. Almasihu ɗaya suke kira, wasiƙun Manzo Bulus ɗaya suke karantawa. Inda hanyar ta rabu yana da nisa, amma akwai wata guda, Yunin shekarar 1525, da mata biyu a ƙasar Jamus suka tsaya a bakin ganuwar gidan zuhudu, ɗaya da ta riga ta fita ta yi aure, ɗaya ta ƙi a fitar da ita.

Tushen zancen yana cikin Littafi Mai Tsarki kansa. A wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korantiyawa, sura ta bakwai, Bulus ya nuna ya fi son mutane su zauna kamarsa ba aure, domin mai aure hankalinsa rabe yake tsakanin Ubangiji da iyali. A wurin nan guda kuma ya ce kowa da baiwar da Allah ya ba shi, wanda kuma ba zai iya kame kansa ba gara ya yi aure. Bitrus yana da suruka, Linjila ta ba da labarin zazzaɓinta. Wasiƙar Timoti ta farko ta siffanta shugaban ekklesiya da mijin mace ɗaya mai iya riƙe gidansa. Ke nan ƙofa biyu aka bari a buɗe tun farko.

A Afirka aka fara ɗaga ɗaya sama da ɗaya a aikace. Wajen ƙarshen ƙarni na uku wani saurayi ɗan Masar mai suna Antoniyos ya rabar da gadonsa ya shige hamada, bayansa Fakomiyos ya tara irin waɗannan mutane a gidaje masu doka da shugaba a bakin Kogin Nilu. Sunansu ya kai Roma, zuhudu ya zama abin da duk mai son Allah da gaske ke ɗaga kai ya duba. Da wani ɗan zuhudu mai suna Jobiniyan ya ce budurwa da matar aure da gwauruwa, muddin an yi musu baftisma, darajarsu ɗaya ce gaban Allah, sai aka yanke masa hukuncin ɓata a Roma da Milan. Jerom, wanda ya fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Latin, ya mayar masa da martani a 393 da kaifin da ya sa abokansa ma suka yi ƙoƙarin janye littafin daga hannun jama'a, saboda ya kusa mai da aure ƙazanta. Agustin, bishop na Hippo a ƙasar da yanzu ake kira Aljeriya, shi ya sassauta wajen 401. Ya ce aure abu ne mai kyau, saboda 'ya'ya da amana da alkawarin da ba ya warwaruwa, amma budurci domin Allah ya fi. A kan wannan matsayi Yammacin Turai ya zauna fiye da shekara dubu. Ekklesiyoyin Gabas, har da na Masar da Habasha, sun bar limamansu na gari da matansu, bishop ne kaɗai ake ɗauka daga marasa aure. A Yamma kuwa, taron Lateran na biyu a 1139 ya yanke cewa auren firist ba aure ba ne sam.

Doka dabam, abin da ke faruwa a ƙauye dabam. Firistoci da yawa suna zaune da mata a gida, kowa ya sani, matar ba ta da sunan matar aure, 'ya'yan kuma ba su da gado. A wasu wurare bishop yakan karɓi tara ya kau da kai. Gidajen zuhudu na mata kuwa sun zama mafita ga iyaye masu asali amma marasa ƙarfi. A Turai ta lokacin uban yarinya ne ke ɗaukar nauyin dukiyar da za ta shiga gidan miji da ita, kamar yadda kayan ɗaki da gara ke hana uba barci a wajenmu, abin da gidan zuhudu ke nema kuwa bai kai haka ba. Ta wannan ƙofa Katarina fon Bora ta shiga. An haife ta a 1499, tana da shekara biyar aka kai ta makarantar 'yan zuhudu a Brehna, daga can aka mai da ita gidan zuhudu na Nimbschen kusa da Grimma, inda wata gwaggonta take. A 1515, tana da shekara goma sha shida, ta ɗauki wa'adin zama ba aure har mutuwa. A can ta koyi karatu da rubutu da ɗan Latin, abin da yawancin matan zamaninta ba su samu ba. Amma yarinyar da ba ta san wani gida ba tun tana shekara biyar, da wuya a ce ita ta zaɓa.

Shi Martin Luta, wanda daga baya ya zama mijinta, da ƙafarsa ya shiga zuhudu. A Yulin 1505, yana ɗalibin shari'a, tsawa ta faɗi kusa da shi a hanyar Erfurt, cikin firgita ya yi wa'adin zai zama ɗan zuhudu, bayan mako biyu kuwa ya cika. Mahaifinsa Hans, mai harkar haƙar tagulla, wanda ya kashe kuɗi don ɗansa ya zama lauya ya kuma ba shi jikoki, ya yi fushi ƙwarai. Ranar da Luta ya fara jagorantar sujada a matsayin firist a 1507, uban ya tuna masa gaban jama'a da dokar girmama uwa da uba. Maganar ta zauna masa a rai shekara da shekaru. Ya yi azumi, ya yi tsaron dare, ya yi ta furta zunubi har ya gajiyar da mai sauraronsa, zuciyarsa ba ta kwanta ba sai da ya gane daga wasiƙar Romawa cewa Allah na karɓar mutum ta wurin bangaskiya, kyauta. Daga nan sauran suka biyo. In ba a sayen ceto da aiki, to wa'adin zuhudu ba tsani ba ne da ke kai mutum kusa da Allah fiye da manomi da matarsa. A 1521, yana ɓoye a fadar Wartburg bayan an yanke masa hukunci a Worms, ya rubuta littafi a kan wa'adodin zuhudu, ya sadaukar da shi ga mahaifinsa, ya amsa cewa tsohon ne ke da gaskiya.

A shekarar da ta biyo ya rubuta wani ɗan littafi a kan zaman aure, inda ya kawo misalin da har yau nake ganin ya fi duk muhawararsa ƙarfi. Ya ce a ɗauki uba yana wanke tsumman kashin jaririnsa, maƙwabta na yi masa dariya suna ce masa mijin-ta-ce. In da bangaskiya yake yi, Allah da mala'ikunsa suna murna da shi. A duniyar da ta saba ganin tsarki a cikin coci kaɗai, wannan magana ta kai ibada har bakin murhu da wurin wanki.

Rubuce-rubucen nan sun tsallaka ganuwar Nimbschen. Waɗansu 'yan zuhudu suka aika wa iyayensu a zo a ɗauke su, ba a zo ba, sai suka kai kukansu ga Luta. A lokacin, fitar da 'yar zuhudu daga gidanta laifi ne da hukuncinsa kan kai ga kisa. Duk da haka wani attajirin Torgau mai suna Leonhard Koppe, wanda ya saba kai wa gidan kaya har da kifin gishiri, ya yarda. A daren jajiberin Ista na 1523 ya fito da mata goma sha biyu a cikin keken dokinsa mai rufi. Uku suka koma wurin danginsu, tara suka iso Wittenberg, garin da Luta yake, ba kuɗi, ba sutura sai ta jikinsu. Luta bai ɓoye hannunsa ba, ya buga wasiƙa a fili yana yabon Koppe, sa'an nan ya shiga nema musu masauki da mazaje.

Duk aka samu inda aka kai su, saura Katarina. Ta zauna a gidan Lukas Kranak, mai zanen nan na fada, ta koyi riƙon babban gida. Ta so wani saurayi ɗan manyan Nuremberg, Hieronymus Baumgärtner, shi ma ya so ta, amma da ya koma gida iyayensa suka ƙi 'yar zuhudun da ta gudo kuma ba ta da ko anini. Aka kawo mata wani fasto mai suna Kaspar Glatz, ta ce ba ta so. Ta je wurin Amsdorf, abokin Luta, ta gaya masa ƙarara cewa in shi ne ko Luta za ta yarda, amma Glatz a'a. Macen da ba ta da uba a kusa, ba ta da dukiya, tana cin abincin gidan wani, ta kafe sai ta zaɓa da kanta. An riga an zaɓa mata sau ɗaya tana ƙarama, ba ta yarda a sake ba.

Luta ya daɗe yana aurar da wasu yana ƙin nasa. Har ƙarshen 1524 yana rubuta wa abokinsa cewa ba shi da niyya, domin kullum yana jiran a kashe shi. Sai ya ziyarci iyayensa, tsohon ya sake tayar da maganar jikoki. Ran 13 ga Yuni 1525, da yamma, Johannes Bugenhagen, faston garin, ya ɗaura musu aure gaban shaidu kaɗan, ciki har da Kranak da matarsa. Yana da shekara 41, tana da 26. Bayan mako biyu aka yi biki a fili, iyayensa suka zo, Koppe ma aka gayyace shi. Lokacin bai yi wa kowa daɗi ba. Wata guda kafin nan aka karkashe dubban manoma masu tawaye a Frankenhausen, sunan Luta kuma ya ɓaci saboda kausasan kalmomin da ya rubuta a kansu. Filibus Melankton, na hannun damansa, ba a ma gaya masa ba, ya rubuta wa wani aboki wasiƙa cikin Helenanci yana ƙorafi. Abokan gaba suka baza cewa daga ɗan zuhudu da 'yar zuhudu za a haifi Magabcin Almasihu. Luta kansa bai yi da'awar soyayya ba. Ya ce ya yi ne don ya faranta wa mahaifinsa, ya ɓata wa Paparoma da Shaiɗan rai, ya kuma hatimce koyarwarsa da aiki kafin ya mutu. Game da amaryar, ya ce zuciyarsa ba ta ci da wuta, amma yana ganin girmanta.

Ƙaunar daga baya ta zo, a cikin aiki. Sarkin Saksoni ya bar musu tsohon gidan zuhudun da Luta ya zauna a ciki, ƙaton gini da kowa ya watse ya bari. Luta ya faɗa da bakinsa cewa kafin aure ya shekara ba a gyara masa shimfiɗa ba har ciyawar katifar ta ruɓe da gumi. Ba ya karɓar ko kwabo a kan littattafansa, ga shi da kyauta, duk mai roƙo sai ya ba shi ko da kofin azurfar da aka ba su gudummawa ne. Katarina ce ta mai da kangon gida. Ta yi lambu, ta kiwata shanu da aladu da kaji, ta haƙa tafkin kifi, ta dafa giyar gida kamar yadda matan ƙasar ke yi, ta ɗauki ɗalibai masu biyan kuɗin kwana da abinci, a 1540 kuma aka sayi gonar Zulsdorf ta riƙa zuwa tana duba ta da kanta. Tun ƙarfe huɗu na asuba take tashi, shi ya sa yake kiranta tauraruwar asubar Wittenberg, a wasiƙu kuma yakan kira ta da laƙabin maigida. Sun haifi 'ya'ya shida, suka riƙe marayun dangi da dama. Da annoba ta shiga garin a 1527 suka ƙi gudu, gidan ya koma asibiti, ita kuwa tana da ciki. Hirarrakin da ɗalibai suka rubuta a bakin teburinsa, waɗanda masana ke karantawa har yau, a kan abincin da ta dafa aka yi su.

To, ina ibada a cikin wannan hayaniya? Tambayar ta dame su su ma. Matar da a da take tashi addu'a sau da yawa dare da rana bisa ƙa'ida, yanzu alade da ɗalibi da jariri ne ke tsara mata yini. A 1535 Luta ya yi mata alkawarin kuɗi gulden hamsin in ta karance Littafi Mai Tsarki kafin Ista, abin da ke nuna yana ganin aiki ya cinye mata lokacin karatu. Shi ma bai kuɓuta ba. Ya taɓa furtawa da kunya cewa yakan dogara ga Katarina fiye da yadda yake dogara ga Almasihu, alhali Almasihu ya yi masa abin da ya fi. Rabuwar hankalin nan da Bulus ya faɗa, ga ta a bakin mutumin da ya fi kowa kare aure. Ban ga wannan a matsayin faɗuwa a gare shi ba. Ya ce aure makaranta ce ta gyaran hali, kuma a makarantar ne ya gano abin da zuciyarsa ke riƙe da shi, abin da shekarunsa na ɗakin zuhudu ba su nuna masa ba.

Jarrabawa mafi tsanani ta zo a Satumbar 1542. Sun riga sun binne jaririyarsu Elizabet a 1528 tana da wata takwas. Yanzu kuma 'yarsu Magdalena, 'yar shekara goma sha uku, ta kwanta. Luta ya durƙusa a bakin gadonta yana kuka yana roƙon Allah, ya tambaye ta ko tana son zama da ubanta na nan ko tafiya wurin Ubanta na sama, ta ce yadda Allah ya so. A hannunsa ta cika, Katarina na gefe ta kasa matsowa. Bayan haka ya rubuta wa abokinsa Justus Jonas cewa ya san ya kamata su yi godiya domin yarinyar ta huta, amma shi da uwarta sun kasa yi ba tare da kuka ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin ƙaramin kabari ya san wannan wuri, inda abin da ka gaskata da abin da kake ji suke ja, ba wanda ya saki.

A watan da aka ɗaura auren Luta da Katarina, wani abu na faruwa a Nuremberg, garin su Baumgärtner, wanda mu 'yan Furotesta ba mu cika ba da labarinsa ba. Majalisar garin ta karɓi sabuwar koyarwa a farkon 1525, ta juya kan gidan zuhudun mata na Santa Kilara. Shugabarsu Karitas Pirckheimer ce, mace mai zurfin ilimi da ke musayar wasiƙu cikin Latin da manyan malaman zamaninta, tana riƙe da mata wajen sittin. Aka kore firistocin da ke yi musu hidima, aka hana su jibin Ubangiji irin nasu, aka turo masu wa'azi suna zaginsu daga kan bagade, 'yan gari na jifan tagoginsu. A tsakiyar Yuni iyaye mata uku daga manyan gidaje suka zo da keken doki su ɗauke 'ya'yansu. 'Yan matan suka ƙi, suka riƙe Karitas suna kuka, aka fizge su da ƙarfi gaban taron jama'a, aka cire musu tufafin zuhudu. Karitas ta rubuta duk wannan, rubutun kuma yana nan. Hujjarta ita ce, su ma sun san ba wa'adinsu ne zai cece su ba sai alherin Allah, amma sun yi alkawari da son ransu, kuma in bangaskiya kyauta ce ba a tilasta ta, don me za a tilasta musu fita?

Melankton ya zo garin a Nuwamba, ya zauna da ita suka daɗe suna magana. Ba su daidaita a kan ko wa'adi na ɗaure mutum har abada ba, amma ya yarda mutum na iya samun ceto a cikin gidan zuhudu kamar yadda zai samu a waje, ya kuma gaya wa shugabannin garin cewa fizge mutane da ƙarfi ba daidai ba ne. Aka ƙyale su, da sharaɗin ba za su ƙara karɓar sabuwar 'yar zuhudu ba. Karitas ta rasu a 1532, sauran suka yi ta tsufa suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, kafin ƙarnin ya ƙare gidan ya zama kango.

A ganina kukan matan nan biyu iri ɗaya ne, ko da yake da sun haɗu da wuya su yarda da haka. An sa Katarina a ciki ba a tambaye ta ba, an so a fitar da su Karitas ba a tambaye su ba. Luta ya bar wuri a koyarwarsa ga wanda Allah ya ba baiwar zama ba aure, amma ya ɗauke su 'yan kaɗan ne ƙwarai, jama'arsa kuwa suka manta da su gaba ɗaya. Da aka rufe gidajen zuhudu, mace a yawancin ƙasashen Furotesta ta rasa wuri ɗaya tilo da za ta yi ilimi ta shugabanci wasu ba tare da miji ba. Katolika suka ƙara ƙarfafa nasu gefen, a 1563 taron Trent ya la'anci duk mai cewa zaman budurci bai fi aure ba. A 1836, da Fasto Theodor Fliedner ya buɗe gidan horar da mata masu hidima a Kaiserswerth, Furotestan Jamus suka sake yi wa mace marar aure gurbi mai mutunci. Mu ma a nan mun ci moriyar gefen biyu. Cocin Lutheran da ke Adamawa ya samo asali ne daga zuwan likita Niels Brønnum ɗan Denmark garin Numan a 1913, gidan fasto da iyalinsa kuma gadon Wittenberg ne. Amma Johanna Veenstra, wadda ta yi aiki a Lupwe kusa da Takum har ta rasu a Vom a 1933, ba ta taɓa aure ba, haka Mary Slessor ta Kalaba. Nakan tuna da su in na ji ana yi wa wata 'yar'uwa mai shekara arba'in addu'ar miji a gaban jama'a, ba wanda ya tambaye ta ko abin da take roƙo ke nan.

Luta ya rasu a Eisleben, garin haihuwarsa, ran 18 ga Fabrairu 1546, Katarina ba ta kusa. A wasiyyarsa ya bar mata dukiya da amanar 'ya'ya, abin da ya saɓa wa al'adar shari'ar Saksoni, sai da ta yi ta fama da manyan fada kafin a bar ta a gidanta. Kafin shekara ta zagayo yaƙi ya ɓarke tsakanin babban sarkin daular Jamus da sarakunan Furotesta, ta gudu da yara zuwa Magdeburg, ta dawo, ta sake gudu har Braunschweig. Da ta komo ta tarar sojoji sun cinye dabbobin, gonakin sun lalace. Ta koma karɓar ɗalibai, ta ci bashi, ta yi ta rubuta wa Sarkin Denmark tana neman taimako, yawancin waɗanda suka ci abinci a teburinta kuwa suka yi shiru. A kakar 1552 annoba ta sake shiga Wittenberg, jami'a ta ƙaura zuwa Torgau, ta bi su da 'ya'yanta biyu. Dab da garin dawakan suka firgita, ta faɗo daga keken ta afka cikin wani kwatami mai ruwan sanyi. Ta yi wata uku a kwance, autarta Margareta na jinyarta. Ta rasu ran 20 ga Disamba 1552, aka binne ta a cocin Maryamu na Torgau, garin mutumin da ya fito da ita daga Nimbschen a keken kifi shekara ashirin da tara kafin nan.